Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Su Wa Ke Cin Tseren Motoci?

Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa kallon tseren motocin nan da ake kira Formula 1 a talabijin ya san yadda ake tashi daga wasan. Direbobi uku su hau dandamali, a kaɗa taken ƙasar wanda ya zo na ɗaya, a miƙa masa kofi, masu ɗaukar hoto su yi ta rububi. Washegari sunansa jaridu za su buga da manyan baƙaƙe. Su kuwa waɗanda suka kwana suna auna kusoshi, da waɗanda suka shafe watanni a gaban kwamfuta suna lissafin yadda iska za ta bi jikin motar, babu mai tambayar sunansu. Abin nan ne da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ra'ayin da nake so in kare a wannan maƙala shi ne, tseren nan da ake gamawa cikin ƙasa da awa biyu ranar Lahadi, an riga an ci mafi yawansa ko an faɗi tun watanni kafin ranar, a cikin masana'anta. Abubuwan da ke cin sa kuma guda uku ne: awo na gaskiya, da tsari, da riƙon amana tsakanin ma'aikata. Na zaɓi wannan batu ne domin ɗalibanmu na sakandare su ga inda lissafi da fiziks da kemistiri suke zama kuɗi, su zama suna, wani lokaci ma su zama katanga tsakanin mutum da mutuwa.

Mota Ce Ko Direba?

Kofi biyu ake nema a kowace kakar wasa. Na direbobi an fara shi a 1950, shekarar da aka yi tseren farko na gasar a filin Silverstone da ke Ingila. Na ƙungiyoyi masu ƙera motoci kuwa sai a 1958 aka ƙirƙiro shi. 'Yan kallo na farkon suka fi sani, amma ma'aikata na biyun suka fi sa wa ido, domin matsayin ƙungiya a cikinsa shi ke yanke yawan rabonta daga kuɗin gasar. Doka ta wajabta wa kowace ƙungiya ta zana gangar motarta da kanta. Tana iya sayen inji daga wani kamfani, amma ba ta da izinin sayo mota sukutum ta shafa mata fenti.

Labarin George Russell ya isa hujja. Wannan saurayi ɗan Ingila ya shiga gasar a 2019 tare da ƙungiyar Williams, wadda a lokacin motarta ta fi ta kowa rashin gudu, ya shafe kusan kaka biyu bai samu ko maki ɗaya ba. A watan Disamba na 2020 Lewis Hamilton ya kamu da cutar korona, sai ƙungiyar Mercedes ta ari Russell ya hau motarsa a tseren Sakhir na ƙasar Baharain. Ya zo na biyu a gwajin share fage, ya ƙwace gaba tun daga tashi, ya riƙe ta mafi yawan tseren. Hannunsa da ƙafarsa su ne na makon jiya; mota aka sake masa. Abin da ya raba shi da nasara ma daga gareji ya fito. Saƙon rediyo bai isa kunnen wasu kanikawa ba, aka ɗaura masa tayoyin gaba na abokin aikinsa, dole ya sake dawowa a cire, daga baya kuma taya ta yi faci, ya ƙare na tara.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa direba ɗan rakiya ne. A 2023 Max Verstappen ya ci tsere 19 cikin 22, alhali abokin aikinsa Sergio Pérez, da mota iri ɗaya, biyu kawai ya ci. Gwaninta gaskiya ce. Sai dai gwanin direba yana fito da abin da ke cikin mota ne, ba shi da ikon sa mata abin da masu ƙira suka kasa sawa. Fernando Alonso, zakaran duniya na 2005 da 2006, da ya faɗa motar McLaren mai raunin inji a 2015, na 17 ya zo da maki 11.

Abin da Ke Cikin Masana'anta

Babbar ƙungiya takan ɗauki ma'aikata kimanin dubu, direbobin tsere kuwa biyu ne kacal. Waɗanda doka ta yarda su yi aikin mota a filin tsere ba su wuce sittin ba. Sauran suna gida: McLaren a garin Woking, Williams a Grove, Mercedes a Brackley, Red Bull a Milton Keynes, duka a Ingila, Ferrari kuma a Maranello ta ƙasar Italiya. A cikinsu akwai masu zane, da masana iska, da masana ƙarafa da sinadarai, da masu rubuta manhajar kwamfuta, da makera, da akantoci, da masu jigila, har da masu dafa abinci.

Babban abokin gabarsu, kuma babban mai taimakonsu, iska ce. Ɗalibin fiziks ya san cewa idan gudun abu ya ninka sau biyu, turjiyar da iska ke yi masa takan ninka sau huɗu. Tun daga 1968 injiniyoyi suka fara ɗaura wa motoci fukafukai irin na jirgin sama, amma a kife. Na jirgi ɗaga shi sama yake yi, na mota kuwa danna ta ƙasa yake yi domin tayoyi su damƙi kwalta, ta sha kwana da gudun da motar gida ba za ta iya ba. Wahalar ita ce duk fiffiken da ya ƙara danni yakan ƙara turjiya, ya rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Neman daidaito tsakanin waɗannan biyun shi ne aikin ɗaruruwan mutane shekara da shekaru.

Ana gwada siffar mota a wurare uku. Da farko a cikin kwamfuta, sa'an nan a wani dogon ɗaki da ake hura iska a cikinsa, inda ake ajiye samfurin motar wanda doka ta ce kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na girmanta, iskar kuma kada ta wuce gudun mita 50 a sakan. Na uku shi ne filin tsere. Idan sakamakon wuraren nan uku bai yi daidai ba, to akwai ma'aunin da ke ƙarya, kuma ƙungiyar da ba ta gano shi da wuri ba za ta yi watanni tana ƙera kayan da ba su ƙara komai.

Gangar motar da zaren kabon ake yin ta, a jera shi falle-falle tare da wani irin ƙaro, a gasa a cikin tanderu mai zafi da matsi. Injiniya John Barnard ne ya fara yi wa McLaren irin wannan ganga a 1981. Kowane muhimmin ɓangare yana da lambarsa da littafin tarihinsa, ana rubuta yawan kilomitocin da ya yi, da ya cika wa'adinsa sai a cire shi ko da ido bai ga tsaga ba. Injin da aka fara amfani da shi a 2014 ƙarami ne, lita 1.6 mai silinda shida, haɗe da na'urar lantarki. A 2017 Mercedes ta sanar cewa nata ya kai ga mayar da fiye da rabin makamashin da ke cikin mai ya zama aiki, alhali injin motar gida bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba.

Ga wani lissafi da malami zai iya bai wa aji. Mota mai nauyin kilogiram 800 tana gudun kilomita 300 a awa, wato kimanin mita 83 a sakan, sai direba ya taka birki ta dawo 80. Makamashin motsi da ta zubar ya kai jul miliyan biyu da rabi, wanda ya isa ya kai ruwa lita takwas ga tafasa, kuma cikin 'yan sakan kaɗan aka zubar da shi. Shi ya sa faifan birki kan kai zafin digiri 1,000, shi ya sa kuma injiniyoyi suka ƙirƙiro hanyar kama wani kaso na wannan makamashi su adana a batir.

Sakan Biyu a Bakin Gareji

Wurin da ɗan kallo ke iya hango ma'aikata shi ne lokacin da mota ta shigo canjin taya. Mutum kimanin ashirin ke jiran ta. Kowace taya tana da mutum uku: mai kwance noti da na'urar iska, mai zare tsohuwa, da mai sa sabuwa. Akwai mai jak a gaba da mai jak a baya, da masu riƙe motar kada ta girgiza, da masu gyara fiffike. A tseren Katar na 2023 ma'aikatan McLaren sun canza tayoyi huɗu na motar Lando Norris cikin sakan 1.80. Waɗannan mutane kanikawa ne da sauran ma'aikata masu wasu ayyukan daban, sai dai sun maimaita wannan motsi sau ɗaruruwa, ana ɗaukar hotonsu, ana duba inda kowa ya ajiye ƙafa da inda hannunsa ya yi jinkiri.

Kuskure a nan tsada gare shi. A tseren Monako na 2021 Valtteri Bottas yana na biyu ya shigo, na'urar kwance noti ta shiga a ɗan karkace ta cinye haƙoran notin, tayar gaba ta dama ta ƙi fita. Nan tserensa ya ƙare. Sai bayan kusan kwana biyu aka samu cire tayar, a masana'antar Brackley. Noti guda ya shafe aikin mutum dubu na wannan mako.

Lissafi a Tsakiyar Tsere

Kowace mota tana ɗauke da ƙananan na'urorin awo kimanin 300, masu aiko da bayanin zafi da matsi da girgiza zuwa gareji, daga nan kuma zuwa wani ɗaki a masana'anta inda wasu injiniyoyi ke zaune ko da tseren a Ostireliya ake yin sa. Da waɗannan alƙaluma masu tsara dabara ke yanke shawarar lokacin da za a kira direba. Alal misali, a ce shiga gareji da fita yana cin sakan 22, sabuwar taya kuma ta fi tsohuwa sauri da sakan ɗaya da rabi a kowane zagaye. In saura zagaye 20, ribar sakan 30 ce, shiga ya biya. In saura 10, ribar 15 ce, shiga hasara ne. Sai dai a fili sai an haɗa da yiwuwar ruwan sama, da cunkoson motoci, da abin da abokin hamayya zai yi.

A tseren Hungari na 1998, lokacin ana shan mai a tsakiyar tsere, Ross Brawn na Ferrari ya ga motocin McLaren sun tare wa Michael Schumacher hanya. Sai ya sake shiri, ya sa shi ya tsaya sau uku maimakon biyu, domin ya yi gudu da mota marar nauyi. Lissafin ya nuna sai ya samar da ratar kimanin sakan 25 cikin zagaye 19. Ya samar, ya ci tseren. Haka kuma a Birazil a 2019 Hannah Schmitz, wadda ta karanta injiniyanci a Jami'ar Kambirij, ta ba da shawarar a kira Verstappen canjin taya alhali shi ne a gaba. Ya bar gaban, ya dawo ya ƙwace, ita aka tura dandamali ta karɓi kofin ƙungiya. 'Yan matanmu masu tsoron ajin lissafi su lura da wannan.

Kuɗi Ko Basira?

Wani zai ce duk wannan zancen kuɗi ne, wanda ya fi aljihu shi ke ci. Kuɗi suna da ƙarfi, babu musu, amma tarihi ya nuna iyakarsu. Kamfanin Toyota ya shiga gasar daga 2002 zuwa 2009 da kasafin da ke cikin mafi girma, ya yi kaka takwas bai ci ko tsere ɗaya ba.

A gefe guda kuma ga ƙungiyar Brawn. A 2008 motar Honda ba ta da kirki, ta zo ta tara, direbanta Jenson Button maki uku ya samu duk shekara. Ross Brawn, wanda a lokacin shi ke shugabancin ƙungiyar, ya yanke shawarar a daina wahala da ita, a juya ga motar 2009, domin a shekarar za a sake dokokin siffar mota. A watan Disamba na 2008 tattalin arzikin duniya ya karye, Honda ta sanar da janyewa, ma'aikata kimanin 700 a Brackley suka shiga zullumi. Duk da haka suka ci gaba da aiki cikin hunturu ba su san ko motar za ta taɓa kwalta ba. A watan Maris na 2009 Brawn ya sayi ƙungiyar a kan fam ɗaya, aka samo injin Mercedes aka cusa a gangar da aka zana don wani injin daban. Injiniyoyinsu sun karanta sabuwar doka da idon basira, sun gano wata kafa da ta ba su damar yi wa mafitar iska ta ƙarƙashin mota hawa biyu. Wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara, kotun hukumar FIA mai kula da gasar ta ce babu laifi. Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko, ƙungiyar ta ɗauki kofi biyun duka. Kada kuma a manta cewa a cikin wannan shekara ta farin ciki an sallami ma'aikata kimanin 270, cikinsu har da waɗanda suka ƙera motar. Shugabancin ƙungiya ya haɗa da irin wannan ɗaci.

Daga 2021 aka sa wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe, aka fara da dala miliyan 145 a shekara, ban da albashin direbobi da na manyan shugabanni uku. Kafin nan ana ƙiyasta manyan ƙungiyoyi kan kashe sama da miliyan 400. Haka kuma aka tsara cewa ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ita za ta samu mafi ƙarancin lokacin gwajin iska, ta ƙarshe ta samu mafi yawa. Da Red Bull ta haura iyakar kuɗin 2021, an ci ta tarar dala miliyan 7, an kuma rage mata lokacin gwajin da kashi 10 cikin 100. Ni ina goyon bayan wannan doka, domin ta tilasta wa injiniya ya yi tunani kafin ya ƙera. McLaren da ta zo ta tara a 2017 ta sake tsarin ma'aikatanta, ta gina sabon ɗakin gwajin iska, ta ɗauki kofin ƙungiyoyi a 2024, karo na farko tun 1998.

Amana

Wanda ya ɗaure noti a wannan sana'a ran ɗan'uwansa ya riƙe. A ƙarshen mako guda a filin Imola na Italiya, Roland Ratzenberger ya rasu ranar 30 ga Afrilu, 1994, washegari Ayrton Senna ya bi shi. An gurfanar da shugabannin ƙungiyar Williams gaban kotun Italiya a 1997 kan zargin da ya shafi sandar sitiyarin motar Senna, shari'ar ta yi ta jan ƙafa har 2007. Bayan wannan rashi aka ɗora wa Farfesa Sid Watkins, likitan ƙwaƙwalwa kuma likitan gasar tun 1978, jagorancin binciken tsaro. Aka tsananta gwajin karo, aka ɗaga gefen mazaunin direba, aka gyara kwanoni masu haɗari. Shekara ashirin ba a sake rasa direba a tseren gasar ba, sai haɗarin Jules Bianchi a Japan a 2014, wanda ya rasu a 2015. A 2018 aka wajabta wani baka na ƙarfen titaniyom a saman kan direba, mutane da yawa suka ce ya ɓata kyan mota. A Baharain a 2020 motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama wuta, jikinsa ya ji bugun da ya ninka nauyinsa sau 67, ya fito cikin kimanin sakan 28 da ƙuna a hannuwa. Masu zanen wannan baka ba su hau dandamali ba.

Inda amana ta ɓace kuma, ilimi kan koma makami. A 2007 an ci McLaren tarar dala miliyan 100, an soke makinta na kofin ƙungiyoyi, saboda an samu takardun sirrin Ferrari masu shafi 780 a hannun babban mai zanenta. A Singafo a 2008 aka shirya Nelson Piquet ƙarami ya buga motarsa da bango da gangan, domin a rage wa kowa gudu abokin aikinsa ya amfana. Asiri ya tonu a 2009, ƙungiyar Renault ba ta musanta tuhumar ba, shugabanta da babban injiniyanta suka bar aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Saboda haka ƙungiyoyin kirki kan zauna bayan kowane gwaji da kowane tsere, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya kuskure. Mercedes, wadda ta ɗauki kofin ƙungiyoyi sau takwas a jere daga 2014 zuwa 2021, ta yi suna da ƙa'idar tuhumar matsala maimakon tuhumar mutum. Dalilin a fili yake: kanikan da ke tsoron kora zai ɓoye kuskurensa, kuskuren da aka ɓoye kuma zai dawo.

Masu Cewa Ɓarna Ce

Akwai masu ganin wannan wasa almubazzaranci ne, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Kasuwanci ne na talla, kuma rahoton da masu gasar suka fitar da kansu a 2019 ya nuna sun saki iskar kabon fiye da tan 256,000 a kaka guda, kashi 45 cikin 100 daga jigilar kaya, abin da motocin tseren suka fitar kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Afirka kuma ba ta sake ganin tseren ba tun wanda aka yi a Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1993. Kwamitin da Lewis Hamilton ya kafa ya ƙiyasta a 2021 cewa baƙar fata ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ma'aikatan gasar ba.

Duk da haka, tsarin aikin da aka koya a can ya fita waje ya yi amfani. Likitocin asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan sun lura cewa lokaci mafi haɗari ga jaririn da aka yi wa tiyatar zuciya shi ne sa'ad da ake miƙa shi daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin kulawa ta musamman. Suka je wurin ma'aikatan Ferrari suka koyi yadda ake raba aiki, kowa da wurin tsayuwarsa, mutum ɗaya ke ba da umarni, babu surutu. Binciken da suka buga a 2007 ya nuna kurakurai sun ragu. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, injiniyoyin Mercedes tare da wata jami'a ta Landan sun ƙera na'urar taimakon numfashi cikin 'yan kwanaki, aka yi guda 10,000, aka saki zanen kyauta ga duk mai so.

Darasi ga Makarantunmu

Ba ina kira ga kowa ya sayi motar tsere ba ne. Abin da nake so mu ɗauka ba ya bukatar dala. Na farko, gaskiyar awo. Sanannen abu ne a ɗakunan gwajinmu ɗalibi ya auna lilon zare, ya ga amsarsa ta saɓa da ta littafi, sai ya goge ya rubuta 9.8 domin ya samu maki. Malamin da ya ba wannan cikakken maki, ya hana wanda ya rubuta 9.3 ya kuma bayyana dalilin saɓanin, ya koya wa aji ƙarya. Injiniyan da ya gyara alƙaluman gwaji don ya faranta wa shugabansa, motarsa ce za ta tona shi ranar Lahadi.

Na biyu, aikin rukuni na gaskiya. Idan an raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba kowa aikinsa da sunansa: mai awo, mai rubutu, mai lissafi, mai duba aikin saura. In ba haka ba, mutum ɗaya zai yi, biyar su sa hannu. Ƙungiyoyin JETS na makarantu za su iya shirya tseren ƙananan motoci na kwali ko gwangwani masu tafiya da roba ko balan-balan, da sharaɗin kowane rukuni ya kawo littafin gwaje-gwajensa da lissafin abin da ya kashe, a ba da kyauta ga littafi mafi inganci kamar yadda za a ba mota mafi gudu.

Na uku, mu daina raina mai baƙin mai a hannu. A ƙungiyar tsere mai digiri na uku yakan saurari kanike, domin shi ya ji ƙarar da kwamfuta ba ta ji ba. Garejojinmu cike suke da masu kunne da hannu irin wannan, makarantunmu kuma cike da masu alƙalami, amma ba kasafai suke zama wuri ɗaya ba. Hanyar kuwa a buɗe take. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ƙera mota sun shiga gasar Shell Eco-marathon ta motoci masu tsimin mai. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya kai ga zama mai zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka, yana cikin waɗanda suka zana motar Chevrolet Volt.

Kammalawa

Motar da ke gudun kilomita 300 a awa takan yi mita takwas cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma a kan irin wannan ɗan taƙin ne mutum dubu ke kashe shekararsu. Suna samun sa ne ta hanyar maimaita gwaji, da rubuta abin da suka gani ko da bai yi musu daɗi ba, da yarda cewa kowa zai riƙe nasa ɓangaren. Ƙasa ma haka take ginuwa. Asibiti da tashar lantarki da madatsar ruwa duk suna tsaye ne a kan mutanen da ba a san sunansu ba, masu auna abu sau biyu kafin su yanke. Ɗalibin da ke son shiga sahunsu ya fara tun daga littafin gwajinsa na wannan zango, malami kuma ya fara daga yadda yake ba da maki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi.